Shekarar da Na Sa Kalangun Yaya a Kwamfuta

Ayishetu, Fuseini, Zenabu, ku ukun nan kun taso kuna jin cewa ciwon kafaɗa ne ya raba Baba Sule da kalangu. Haka ake faɗa a unguwarmu Bulpiela, haka shi ma yake faɗa in an tambaye shi, ni kuma duk sanda aka yi maganar a gabana sai in gyaɗa kai in sako wata hira. To kafaɗarsa lafiya lau take. Mutumin da ya yi shekaru yana noman doya a Gbalahi ba mai ciwon kafaɗa ba ne. Ni na raba shi da kiɗa, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da bakin faɗa. Sau huɗu ina fara wannan babin ina tashi. In leƙa ƙofar gida, in dawo, in ce a kawo shayi, in bar shi ya huce. Yau na ce wa uwarku ta ja mini ƙofa daga waje.

Sai kun san irin mutumin da nake kafin ku gane sauran. Kakanku makaɗin mahauta ne a kasuwar Tamale. Kalangu ya gada daga nasa uban, wanda ya biyo fatake daga ƙasar Hausa ya zauna nan, kuma mu biyu ya koya wa: Yaya Sule, da ya girme ni da shekara shida, sai ni. Yaya ya rataya kalangu a hammata bai ƙara sauke shi ba. Ni kuwa ban cika shekara uku ina koyo ba na ji wani dattijon Dagomba yana goge a bakin tasha, na bi shi har gidansa. Na yi goge har na fara suna, sai na ga jita a hannun wasu samari da suka zo daga kudu, na jingine gogen. Jitar ma ba ta daɗe ba. Fiyano ce kaɗai ta riƙe ni da ɗan nisa, irin mai lantarkin nan da ake ɗorawa a kan ƙafafun ƙarfe, domin muryoyi ne da yawa a cikinta, in na gaji da wata sai in danna wata. Duk wannan yawon da nake yi, Yaya yana hannun haguna da kalangunsa. In na canza abin kiɗa sai ya saurara kwana biyu, ya gano inda sabon abin ke barin fili, ya shigar da kiɗansa ta nan. Bai taɓa tambayata dalili ba. Mma, kakarku, ita ce mai faɗa.

"Kai Issaka, tun kana goye ba ka shan nono ɗaya ka ƙoshi. Sai ka saki wannan ka lalubi wancan."

Mun fi shekara ashirin tare a haka. Awure, suna, tarbar alhazai, daga Zongo zuwa Choggu har ƙauyukan da mota ba ta son shiga. Kayanmu sai an ɗauko abin hawa: fiyano, da miksa wadda duk muryoyi ke haɗuwa a cikinta kafin su fita, da lasifika biyu masu nauyin buhun masara, da tarin wayoyi da ni kaɗai na san wacce ke shiga ina. Ina son kayan nan, kada ku ji abin da ya biyo baya ku ɗauka ban so su ba. Na san warin miksar in ta ɗauki zafi. Akwai maɓalli ɗaya a fiyanon da ke maƙalewa in ya ga dama, sai in ɗago shi da farce ina tsakiyar kiɗa, ba wanda ya taɓa lura. In abu ya mutu, in shimfiɗa tabarma, in kwance shi da sukudireba, in ga wayar da ta tsinke da idona, in liƙe ta da dalma.

A shekarar da aka haifi Zenabu, abokina Tanko ya dawo daga Kumasi da kwamfutar cinya. Ya aiko aka kira ni shagonsa da hantsi.

"Cale, abokina, zo ka ga ƙarshen ɗaukar kaya."

Ya buɗe ta a kan benci. Ya danna nan, ganguna suka tashi. Ya danna can, jita ta hau kansu, ƙahoni suka biyo, har da muryoyin mata masu amshi. Na tambaye shi ina miksar, ya nuna mini hotonta a gilashi, da maɓallanta duka, suna motsi ba hannun da ya taɓa su. Ya ce in ka yi kuskure ba sai ka sake daga farko ba, wurin kawai za ka yanke ka gyara. Ranar a ƙafa na koma gida, na wuce ƙofarmu ban sani ba, sai da na kai bakin famfo na juyo. Daga nan zama ya gagare ni. Ina kan fiyano a gidan suna, hannu na aiki, hankali na shagon Tanko. Gaskiya ne samari sun fara fita da kwamfuta da lasifika kawai ana kiransu, kuma da wannan na riƙa kare kaina a gida. Amma mu ma ana kiranmu, ba Asabar ɗin da muke zaune. Ba yunwa ce ta tura ni ba. Ƙaiƙayin nan ne dai na tun ina yaro.

Bayan la'asar na kawo maganar a tsakar gida. Uwarku na tuƙa tuwon zafi, Mma na kan tabarma da carbi, Yaya na bakin ƙofar ɗakinsa yana canza wa kalangu igiya. Na ce zan sayar da fiyano da miksa in sayi kwamfuta. Uwarku ba ta ko ɗago daga tukunya ba.

"Fiyanon nan in ta yi ciwo kai ne likitanta. Wannan fa, in ta ƙi tashi ranar awuren mutane, me za ka kwance?"

"Ba ta ƙin tashi."

"Baban Ayishetu, ba abin da ba ya ƙin tashi."

"Memuna, bar shi," in ji Mma. "Ko da igiyar rijiya kika ɗaure shi sai ya je."

Yaya ya ci gaba da aikinsa. Ya ja igiyar da haƙori, ya ɗaure, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa. Sannan ya dube ni.

"A cikin abin nan, akwai inda mai kalangu ke zama?"

"Akwai mana, Yaya. Ai ba a yi ba kai."

Wallahi da na faɗa, har zuciyata haka nake nufi. Wata coci a bayan gari ta sayi kayan. Yaya ne ya kama mini fiyanon muka sa a mota, shi ya tuna mini in gaya musu labarin maɓallin nan mai maƙalewa.

Wata uku na yi ina koyo kamar ɗan aji ɗaya. Ido ya yi ja, wuya ya ƙage. Na sayi wata 'yar fiyano marar muryar kanta da ake jonawa, sai abin da kwamfuta ta ba ta take faɗa. Da muka fara fita da ita, matsala biyu ta bayyana. Ta farko, gangunan da ke cikinta na wasu ƙasashe ne, matanmu su tashi rawa su rasa inda za su sa ƙafa. Ta biyu ta fi. Da, in Yaya ya ja kiɗa ni ma in ja, in ya sassauta in sassauta, ko kallon juna ba ma yi. Kwamfuta kuwa in ka sa mata gudu, a kansa za ta tsaya har ta gama. Sai ya zama Yaya, mutumin da duk fili ke bi, shi ke bin inji yana zufa. Muna naɗe wayoyi wata rana ya ce mini:

"Abokin nan naka ya iya kiɗa, sai dai ba ya saurare."

Tanko ne ya ba ni shawara in ɗauki kalangun in sa a ciki, in ya so a gina sauran a kansa. Na jingina katifu a bangon ɗakin baya don kada ƙarar waje ta shigo, na kafa makirfo, na roƙi Yaya ya zo da safe bayan an sha koko. Na ce ya buga sau ɗaya ya tsaya. Ya buga. Na ce ya matse igiyoyin kaɗan da hammata ya sake bugawa. Ya matse sosai, ya buga. Ya saki duka, ya buga.

"Issaka, wannan kiɗa ne ko awo a asibiti?"

Safiya uku muka yi. Da muka gama bugu ɗaiɗai, na ce ya yi mini taken mahauta, da taken tsofaffin gidajen da babanmu ke yi wa kiɗa, kowane gida da nasa. Ya yi su duka bai rage ko ɗaya ba. A ƙarshe na sa masa abin ji a kunne na kunna. Ya zabura ya cire, ya waiga ƙofa kamar wani ya shigo da kalangu. Sai ya mayar, ya saurara, ya fashe da dariya har da hawaye. Shekara arba'in yana kiɗa, bai taɓa jin kansa daga waje ba.

"Ashe haka nake? Wannan ai hannun Baba ne. Kira Mma ta ji."

Da farin ciki ya ba ni, wannan ku riƙe shi. Har zuwa nan ban yi laifin komai ba.

Na yi makonni ina jera bugun nan, ina yanka ina haɗawa, har ya zama in ka rufe ido za ka rantse Yaya na ɗakin. Sai wata tambaya ta shiga kaina ta ƙi fita: shin ni kaɗai zan iya riƙe fili? Ina cikin haka abokan wani ango suka zo daga Choggu. Suka ce na zamani suke so, mutum ɗaya da kwamfuta, gidan ma ba fili, ba sa son tarkacen da. Abin da ya kamata in ce a bakina yake: mu biyu ne, ko ku nemi wani. Ban faɗa ba. Na ce to. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci, muna neman takalma, Yaya ya tambaye ni.

"Gobe akwai fita?"

"Babu, Yaya. Ka huta."

Abin da ban bincika ba shi ne dangin amarya. Kakarta, wata Hajiya da ta haura tamanin, 'yar tsohon gidan mahauta ce, kuma da kanta ta aika wa Yaya goron gayyata, ba don kiɗa ba, don zumuncin iyaye. Shi ma bai san ni aka ɗauka ba. Bayan azahar fili ya cika, rumfa ta yi zafi, komai na tafiya yadda nake so. Da aka ce mini ga kakar amarya ta fito, kuma aka faɗi gidansu, sai na ji daɗi, don ina da takensu a ciki. Na danna. Kalangu ya tashi daga lasifika yana kiran sunan kakanninta. Tsohuwar ta miƙa wa wata sandarta, ta shigo fili tana takawa, mata na guɗa. A daidai nan na ɗago kai na ga Yaya a bakin rumfa, yana riƙe da kekensa, da farar rigarsa ta Juma'a, hammatarsa ba komai.

Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Mutane suka fara waigawa, su dube shi, su dubi lasifika. Wani ya ɗaga murya ya ce, Sule, ina ka ɓoye kalangun? Aka yi dariya. Kun san al'adar matanmu, in makaɗi ya taɓa musu zuciya sai su je su share masa zufa da mayafi. Hajiya ta gama rawarta tana haki, ta duba inda makaɗi ke tsayawa ba ta ga kowa ba, sai idonta ya faɗa kan Yaya. Ta tako har gabansa, ta ɗaga gefen mayafinta ta share masa goshi.

"Ba ni ba ne, Hajiya."

"Kai ne mana. Ni za ka gaya wa hannun gidanku?"

Ya sunkuya ya gaishe ta yadda ya kamata. Bai dubi inda nake ba. Ya juya kekensa ya tura shi a ƙafa har ya sha kwana. Ni kuma ina bayan tebur, kalangunsa na ci gaba da kiɗa, don ban ma tuna in kashe ba.

Na so ya yi mini faɗa, bai yi ba. Ya ci abinci da mu ranar, ya yi wa Fuseini wasa, ya amsa gaisuwata kamar kullum. Kwana huɗu ina zagayen ƙofarsa, in zo zan yi sallama in wuce bayi, in ɗauki buta in ajiye. Labari kuwa ya riga ya iso gida ta bakin mata. Uwarku ta same ni a ɗakin baya ina kallon gilashi ba abin da nake yi.

"Da ka ce masa ba su son kalangu, da ya ce Allah ya ba da sa'a, har a keke zai ɗauko maka kaya. Ka san shi. Me ya kai ka ƙarya?"

Na ci gaba da kallon gilashin. Mma kuwa mako guda ba ta kira sunana ba, in tana son wani abu sai ta ce a gaya wa mai kwamfuta. Kafin wata ya ƙare Yaya ya ce zai koma Gbalahi, inda dangin matarsa ke da gona. Ya ce kafaɗa na damunsa, kiɗa ya fara yi masa nauyi. A gabana ya faɗa wa maƙwabta haka, fuskarsa a sake. Shi ya ƙirƙiro ciwon, don kada a ce ƙaninsa ya kore shi.

Sai bayan sati biyu na iya bin sa. Na same shi a gona da rana tsaka, ya jingina fartanya, muka zauna a gindin kaɗanya. Na fara ba da haƙuri, maganar na fita a karkace. Ya bar ni har na gaji.

"Ɗaukar da ka yi ba ta dame ni ba, ni na ba ka da hannuna. Kuma in yaran yanzu ba su son ganin tsoho da kalangu, ba laifinka ba ne. Amma a ƙofar masallaci ka ce mini babu fita."

Na ce haka ne.

"Na tsaya na saurara, ka sani. Ya yi daɗi. Sai dai tsohuwar nan tun zagaye na biyu ƙafarta ta gaji. Da ni ne, da na sassauta mata ta sauka da mutuncinta. Abin naka bai gan ta ba."

Na ce zan sayar da kwamfutar, in je cocin nan in roƙe su su mayar mini da fiyano, mu koma yadda muke. A nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci.

"Kada ka soma. Ka bar kalangu, ka bar goge, ka bar jita, ka bar fiyano. Wannan kuma da ka saya da tsada haka, ita ma za ka bari? Ko sau ɗaya a rayuwarka zauna da abu ɗaya. Kana da yara."

"Kai fa, Yaya?"

"Ni na gama. Na ji yadda nake, ya ishe ni."

Na zauna da ita, kamar yadda ya ce. Kwamfutar ta tsufa na canza wata, na sake canza wata, amma ban ƙara komawa wani abin kiɗa ba. Ɗakin baya ya zama sitidiyo, mawaƙa na zuwa daga ko'ina, da shi kuka yi makaranta ku duka. Ba zan zage ta ba, ba ita ta yi ƙarya ba. Kuma maganar uwarku ta tabbata, sau biyu tana ƙin tashi a gaban jama'a, ina tsaye da sukudireba a aljihu ba abin kwancewa. Ƙaiƙayin bai bar ni ba, har gobe in na wuce shagon kayan kiɗa ƙafata na rage sauri. In ya taso sai in tashi in zagaya unguwa in dawo in zauna. Abin da ba ku sani ba shi ne, duk kalangun da kuka ji a waƙoƙin da suka fita daga ɗakin nan, wanda kuka yi rawa da shi a awuren ƙawayenku, na safiya ukun nan ne. Ayishetu, har a naki awuren. Yana zaune a layin gaba ranar, ya ji da kunnensa.

Ba mu ƙara tayar da maganar ba sai watan jiya. Na je duba shi, ido ya yi masa rauni yanzu, ba ya zuwa gona, yana zama a inuwar zaure. Muna hirar ruwan bana sai ya ce:

"Abin nan da ka ɗauka, yana nan?"

Na ce yana nan, har a wayata. Ya ce in sa masa, ba wanda na yanka na haɗa ba, na asalin. Na nemo taken mahauta, na riƙe wayar kusa da kunnensa. Ya rufe ido. Gwiwar hannunsa ta hagu ta fara matse haƙarƙarinsa tana saki, yatsun dama na motsi a kan cinya. Na kasa kallonsa, na mayar da ido kan kaji a tsakar gida. Da ya ƙare na shirya jin duk abin da ya ajiye mini shekarun nan.

"Fatar ta sha sanyi ranar," in ji shi. "Damina ce. Da ka bari na ɗan shanya ta a rana kafin mu fara, amma kai kullum sauri kake."

Na ce haka ne, Yaya.

"Sake sawa."